Jarrabawar 'yata: hujjojin samuwar Allah da koyarwar Buda

Uwar Biyu (Manchesta):
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda 'ya'yansu suka riga suka wuce wannan mataki. Babbar 'yata tana aji 11, a watan Mayu za ta fara rubuta GCSE, jarrabawar kammala sakandare ta nan Ingila. Cikin darussanta akwai nazarin addinai na hukumar jarrabawa ta AQA. Makarantarsu ce ta zaɓi addinan da za a karanta, Kiristanci da addinin Buda, ba mu muka zaɓa ba. A takarda ta biyu kuma akwai babin samuwar Ubangiji da wahayi. A gwajin da suka yi kafin hutun Disamba 5 ta samu, alhali sauran darussa 7 da 8 take ci. Malamarta ta ce ta san bayanai, amma ba ta iya auna hujja ba, tambayar maki 12 ce ke kayar da ita.

Jiya na zauna ina yi mata tambayoyi daga katinan bitar da ta rubuta. Muna cikin yi sai ta ce, "Mama, idan komai yana da sanadi, to Allah fa?" Na ce a'uzu billahi, na rufe littafin. Ta ce ba ita ta ƙirƙiro ba, a cikin manhaja yake, kuma dole ta iya rubuta shi da amsarsa. Wallahi ban yi barcin kirki ba. Ina son ta ci jarrabawa, ina kuma tsoron abin da zai zauna mata a zuciya. Yaya zan yi?

Baban Yara (Landan):
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai a gidana ba a yin wannan darasi. Dokar Ingila ta ba iyaye damar cire ɗansu daga darasin addini, kuma na yi amfani da ita. Yarinya 'yar shekara 15 a ce ta zauna tana haddace shubuhohin waɗanda ba su yarda da Allah ba? Rigakafi ya fi magani.

Ɗalibar Lesta:
Kawu, ka yi haƙuri in sa baki. Saura wata huɗu jarrabawa, ta kusa shekara biyu tana karatun, cire ta yanzu ba zai goge tambayar daga kanta ba. Anti, ni na yi wannan darasi a GCSE, na ci gaba da shi a A-level, matakin da ke biye da GCSE kafin jami'a, kuma ban fasa salla ba. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne in na kawo tambaya gida sai a yi shiru. Sai na riƙa zaton ko mu ba mu da amsa ne.

Ɗan Zaure (Zariya):
Hajiya, neman tsarin da kika yi daidai ne, haka hadisi ya koyar: Shaiɗan zai riƙa zuwa wa mutum da wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai ga wa ya halicci Ubangijinka, to ya nemi tsari ya tsaya. Amma kada ki ɗauka yarinyar ta lalace. Sahabbai ma sun kai ƙarar waswasin da suke ji a zuci wanda suke jin nauyin furta shi, aka ce musu wannan shi ne tsantsar imani.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Jimlar da aka ba ta ce gurguwa. Malaman tauhidi ba su taɓa cewa komai yana da sanadi ba. Cewa suka yi duk fararre yana buƙatar wanda ya farar da shi, wato duk abin da da babu shi sannan ya samu. Mu da muka karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi a zaure, wanda ya rasu a 1490 a Tilimsan, da wannan aka fara mana: dalilin samuwar Allah shi ne faruwar duniya. Jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su kuma muna ganin suna canzawa, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Sai a ce, to in wanda ya farar da duniya shi ma fararre ne, zai buƙaci wani, shi ma wani, ba iyaka. Wannan shi ake kira tasalsuli. Ko kuma a ce wannan ya yi wancan, wancan ya yi wannan, shi ne dauri. Duka biyun hankali ba ya karɓa. Shi ya sa siffa ta biyu bayan wujudi ita ce ƙidamu, rashin farko. Tambayar wa ya fara wanda ba shi da farko, tambaya ce da ta ci karo da kanta.

Ki karanta mata aya ta 35 a Suratuɗ Ɗur: shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar? Hujjar ke nan a dunƙule.

Uwar Biyu (Manchesta):
Allah ya saka da alheri Malam. Amma a littafinta sunan wani Thomas Aquinas aka rubuta, ba a ambaci malamanmu ba. Ko za ta iya rubuta naka bayanin?

Malamin Falsafa:
Hajiya, Aquinas malamin Kirista ne ɗan Italiya, ya rasu a 1274. Ya kawo hanyoyi biyar na tabbatar da samuwar Ubangiji, kuma ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd a fassarar Latin, yana ambatonsu a rubutunsa. Bambancin da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi tsakanin mumkinul wujudi da wajibul wujudi, wato abin da zai iya samuwa ko ya rasa samuwa, da wanda samuwarsa tilas ce, yana da kusanci sosai da hanya ta uku ta Aquinas.

Sai dai akwai abin da ɗalibai ke cakuɗawa. Hujjar da Malam ya kawo ita ce ta malaman kalam, masu kafa hujjar aƙida da hankali, ta Al-Kindi da Gazali wanda ya rasu a 1111, kuma ta dogara ne a kan cewa duniya tana da farko a zamani. Wani Ba'amurke, William Lane Craig, ya sake fito da ita a 1979, har yau da sunan kalam ake kiran ta a Turai. Shi kuwa Aquinas bai ce hankali kaɗai zai tabbatar da cewa duniya tana da ranar farawa ba, ya ce wannan ta wahayi aka sani. Nasa zancen na dogaro ne a yanzu-yanzu. Ki ɗauki tulu a kan gammo, gammo a kan kai, kai a kan wuya, wuya a kan jiki, jiki a kan ƙasa. Kowanne wani ne ke riƙe da shi. Ko an tsawaita jerin har abada, in babu wanda ke tsaye da kansa, tulun ba zai tsaya ba.

A matakin GCSE ba za a nemi wannan zurfin ba, amma in ta gane shi, amsarta za ta fita daban. Kuma ta san sukar da kyau. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, a muhawararsa da limamin Katolika Copleston a rediyon BBC a 1948, ya ce don kowane mutum yana da uwa ba ya nufin jinsin mutane gaba ɗaya yana da uwa guda. Wato abin da ya tabbata ga ɓangarori ba lallai ya tabbata ga dunƙulen ba. Suka ta biyu, wadda ni nake ganin ta fi nauyi: ko an yarda akwai sanadin farko, hujjar ita kaɗai ba ta nuna mai rahama ne ko mai aiko manzanni ba. Kada ta ɓoye wannan, ta rubuta shi, sannan ta ce masu imani ba su ɗora komai a kan hujja ɗaya ba, suna haɗa ta da wahayi. In an kawo mata batun fashewar farko ta sararin samaniya a matsayin madadin Ubangiji, ta tuna ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo tunanin faɗaɗar sararin, a 1927, Georges Lemaître, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam.

Baban Yara (Landan):
Malam, da girmamawa, ai magabata irin su Imam Malik da Imam Shafi'i sun ƙi ilimin kalam. Ga shi yanzu ana koya wa yarinya maganar Russell a zauren Musulmi.

Ɗan Zaure (Zariya):
Gaskiya ne Alhaji, sun ƙi jayayya a kan abin da babu aiki a ƙarƙashinsa, kuma tsoronka yana da tushe. Amma wanda shubuha ta riga ta shigo masa gida, ba a ce masa ya rufe ido. Yarinyar nan a aji take zaune da masu faɗin wannan magana kullum.

Mai Kula da Zaure:
Don Allah kada mu koma rigimar aƙida. Hajiya taimakon bita ta nema.

Ɗalibar Lesta:
Anti, bari in taɓa hujjar tsari, don tana yawan fitowa. William Paley, a 1802, ya ce in kana tafiya a fili ka yi tuntuɓe da dutse, za ka iya cewa can ma yana nan. Amma in agogo ka tsinta, ka ga ƙafafunsa da wayoyinsa kowanne yana aiki don nuna lokaci, dole ka ce akwai maƙeri. Ido ya fi agogo tsari, saboda haka akwai wanda ya tsara shi.

Kuskuren da kusan duk ajinmu muka yi: mun rubuta cewa David Hume ya mayar wa Paley martani. Hume ya mutu a 1776, littafinsa mai sukar wannan hujja ya fito a 1779, shekara 23 kafin na Paley. Ta rubuta cewa sukar Hume ta shafi irin hujjar Paley, kada ta ce ya amsa masa. Sukar ita ce duniya ba inji ba ce, ta fi kama da tsiro, kuma babban aiki kamar jirgin ruwa mutane da yawa ke haɗuwa su ƙera, to me ya sa kwatancen zai kai ga guda ɗaya? Sai Darwin a 1859, wanda ya kawo bayanin yadda tsari zai iya fitowa a hankali ta zaɓin yanayi. Masu kare hujjar a yau sun fi komawa kan dokokin da suka sa rayuwa ta yiwu tun farko, irin su ƙarfin janyowa (gravity) da ke riƙe taurari da duniyoyi.

Kada ta ɓata lokaci a kan hujjar Anselm, wadda ke cewa Ubangiji shi ne wanda ba a iya tunanin wanda ya fi shi. A AQA sai a A-level muka yi ta. Nata su ne sanadin farko, tsari, mu'ujiza, sai sharri da wahala da kimiyya a matsayin suka.

Ɗan Zaure (Zariya):
'Yata, agogon nan ai shi ne maganar Balaraben ƙauye da aka tambaya da me ya san Ubangijinsa, ya ce kashin raƙumi yana nuna raƙumi, sawu yana nuna tafiya, to sama mai taurari da ƙasa mai hanyoyi fa?

Uwar Biyu (Manchesta):
Na kwafe duka. To ɓangaren Buda fa, nan ne ni kaina ban san ta inda zan kama ba. Na ce mata shi ne allahnsu, ta ce a'a. Na ce annabinsu ne, ta ce shi ma a'a. To mene ne shi?

Tsohon Ɗalibin Maleshiya:
Yaya, yarinyar ta fi mu gaskiya. Na zauna da mabiya Buda shekara huɗu a Maleshiya, inda ranar Wesak, babban bikin mabiya Buda, hutu ce a ƙasa. Ni ma da na ga suna ajiye furanni da turare a gaban mutum-mutumi na ɗauka roƙonsa suke yi. Abokin ɗakina ɗan Siri Lanka ya ce su a wajensu malami ne da ya gano hanya ya nuna, ya rasu, furen kuma don ka ga yadda yake bushewa ne ka tuna komai mai gushewa ne. Ba annabi ba ne don bai ce wani ya aiko shi ba. Kalmar Buda ma laƙabi ce, wanda ya farka.

Sunansa Siddhartha Gautama, ɗan sarautar Shakya, an haife shi a Lumbini da ke Nefal ta yau, wajen ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Labarinsu ya ce mahaifinsa ya killace shi a fada don kada ya ga baƙin ciki. Da ya fita ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya ga mai gudun duniya. Yana da shekara 29 ya bar gida. Ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa, ya ga ba ta fisshe shi ba, sai ya kama hanyar tsakiya. Yana 35 ya samu abin da suke kira farkawa a gindin bishiya a Bodh Gaya, ya yi huɗubarsa ta farko ga abokansa biyar a Sarnath kusa da Varanasi, ya rasu yana 80 a Kushinagar.

Ɗalibar Lesta:
Anti, babban abin da ke zubar wa yaranmu maki shi ne fassara komai da ma'aunin da muka tashi da shi. Nibbana ba aljanna ba ce, ba wuri ba ne, kalmar tana nufin mutuwar wuta, wato wutar kwaɗayi da ƙiyayya da jahilci, waɗanda suke zanawa da zakara da maciji da alade a tsakiyar zanen da'irar rayuwa. Kamma ba hisabi ba ne, babu alƙali, aikin da aka yi da niyya ne ke haifar da sakamakonsa.

Gaskiya huɗu kuma ta riƙe su kamar zuwa asibiti. Cutar ita ce dukkha. Sanadinta, samudaya, shi ne tanha, ma'anarta ta asali ƙishirwa. Nirodha shi ne cewa ana warkewa. Magga maganin, tafarki mai rassa takwas, wanda ya fi sauƙin haddacewa in ta kasa shi uku: panna wato hikima, sila wato ɗabi'a, samadhi wato horon zuciya. Kada ta fassara dukkha da ciwo kawai. Har daɗin da kake ji ranar salla yana cikinta, don ka san zai wuce. Daga nan anicca ta shigo, rashin dawwama. Labarin Kisa Gotami yana taimakawa: ɗanta ya mutu, ta zo wa Buda da gawar, ya ce ta samo ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta zaga gari ba ta samu ba, a nan ta gane.

Mai wuyar ita ce anatta. Suna cewa babu wani tsayayyen "ni" a cikin mutum, tarin abubuwa biyar ne masu canzawa: jiki, ji, ganewa, ƙudure-ƙuduren zuciya, da sani. Malaminsu Nagasena ya tambayi Sarki Milinda, karusar da ka zo a ciki, ƙafafun ne karusa, ko sandar, ko linzamin? Ba ko ɗaya. Suna ne da aka sa wa haɗuwarsu.

Uwar Biyu (Manchesta):
Tsaya 'yata. In babu rai, wa ake sake haifa? Ai sun ce ana dawowa.

Malamin Falsafa:
Hajiya, kin yi tambayar da malamansu suka shafe ƙarnoni suna amsawa, kuma irin ta ce mai ba da maki ke so ya gani. Amsarsu ita ce kamar kunna fitila daga wata fitila: wutar ta biyu ba ita ce ta farko ba, ba kuma wata daban ce ɗungurungum ba. Abin da ke wucewa sanadi ne, ba rai ba. Ni wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, domin in ba ni ne zan girbi abin da na shuka ba, ina adalcin? Tana iya rubuta wannan suka, amma sai bayan ta faɗi matsayinsu yadda su da kansu za su ce e, haka muke nufi.

Ga kuma inda takardun biyu suka haɗu. Buda ya koyar da cewa komai yana tasowa ne bisa dogaro da wani abu, paticcasamuppada, kuma ba a gano farkon zagayen haihuwa da mutuwa. Wato tasalsulin da Malam ya ce hankali ba ya karɓa, su ba su ga matsala a cikinsa ba. Da wani almajirinsa ya matsa masa da tambayar ko duniya dawwamammiya ce, sai ya ba shi misalin wanda aka harba da kibiya mai dafi ya ce ba za a cire ba sai ya san wa ya harbo, daga wane gari, da wane irin baka. Kafin ya sani ya mutu. In aka tambaye ta ko hujjar sanadin farko ta tabbatar da samuwar Ubangiji, wannan ra'ayi ne na addini da za ta sa a ɓangaren masu cewa a'a, ba sai ta tsaya kan Russell kaɗai ba.

Ɗan Zaure (Zariya):
Misalin kibiyar yana da hikima, ban ƙi ba. Amma mu muna cewa wanda ya halicci majinyacin shi ne ya saukar da maganin, saninsa yana cikin jinyar.

Ɗalibar Lesta:
Malam, wannan jimla taka ita ce irin hukuncin da ake so a ƙarshen tambayar maki 12. Anti, ba a hana ta faɗin abin da ta yi imani da shi ba. Abin da ake so shi ne dalilan masu goyon baya, dalilan masu ja, koyarwar addini, sannan ta ce wanne ya fi ƙarfi kuma don me. Mu a takarda ta biyu mun kawo koyarwar Musulunci, sai inda tambaya ta ce lallai a ambaci babban addinin Birtaniya, nan Kiristanci ake nufi. A takardar Buda kuwa ta tsaya kan Buda, kuma kada ta ce "mabiya Buda sun yarda" kamar duk ɗaya suke. 'Yan Theravada na Siri Lanka da Tailan burinsu zama arhat, wanda ya kai ga nibbana, 'yan Mahayana na Sin da Japan suna ɗaukaka bodhisattva, mai alwashin kai wa ga farkawa don ceto dukkan halittu. Ta riƙa sa agogo tana rubuta amsa ɗaya cikin kwata, karanta kati kaɗai ba ya isa.

Baban Yara (Landan):
Na karanta duka. Har yanzu ina kan bakana game da nawa yaran. Amma Hajiya, tunda an riga an shiga, ki tabbata kina zaune a wajen duk lokacin da take wannan bita, kuma ki haɗa ta da malamin Islamiyya mai haƙuri.

Uwar Biyu (Manchesta):
Jama'a na dawo bayan kwana biyar. Na ba ta haƙuri kan rufe littafin da na yi, na karanta mata bayanin Malam na fararre da wanda ba shi da farko. Ta yi shiru, sannan ta ɗauko katinta ta soke "komai" ta rubuta "duk abin da ya fara samuwa". Daren jiya ta rubuta amsar maki 12 a kan sanadin farko, ta sa Aquinas da Gazali, ta sa Russell da kibiya mai dafi, ta rufe da nata hukuncin. Ta kai wa malamarta yau, muna jiran maki. Alhaji, na karɓi shawararka, na yi wa malamarsu ta Islamiyya magana, za su zauna ranar Asabar.

Yanzu babin sharri da wahala ne a gabanmu. Ta ce akwai tambayar da ta taɓa gani a takardar gwaji, in Ubangiji mai iko ne kuma mai ƙauna, me ya sa jarirai ke mutuwa a girgizar ƙasa. Littafin ya kawo batun 'yancin zaɓi, amma ta ce girgizar ƙasa ba zaɓin kowa ba ce. Malam, Malamin Falsafa, ta ina za mu fara?